Ozella Mai Riƙon Karnukan 'Yan Kurkuku

A gundumar Corley, idan 'yan sanda suka kama mutum kuma ba shi da wanda zai karɓi karensa, to ɗayan biyu ne. Ko a kai karen gidan ajiyar dabbobi na gunduma, inda ake ba shi kwana goma kafin a yi masa allurar da ba a tashi, ko kuma ɗan sandan ya tuna yana da zuciya ya karya kan motarsa zuwa ƙarshen titin Mill Pond, gidan Ozella Pruitt. Yawancinsu sukan karya kan motar. Ba wai don suna son ta ba, domin babu wanda ya taɓa tsayawa a ƙofarta ya tafi ba ta jefa masa tambayar da ta ɓata masa rai ba. Sun dai san kare ba ya mutuwa a hannunta.

Shekara ashirin da shida ta yi tana girki a kurkukun gunduma. A can ta koyi yadda ake ciyar da mutum ɗari da arba'in da tukunyar wake biyu da burodin masara, ta kuma koyi jin warin ƙarya tun mai ita bai gama dafa ta ba. Fursuna ya ce ciwon sukari ne da shi don a ƙara masa nama, mai gadi ya ce matarsa ce ba lafiya don ya fita da ƙwai a jaka, mai kawo kaya ya rantse buhu goma ya sauke alhali tara ne. Ta ji irin waɗannan har kunnenta ya yi kanta. Mijinta Cleophus, direban motar katako, shekara talatin da ɗaya tana lalube aljihunsa kafin wanki, ba ta taɓa samun abin da ya wuce tsinken sakace da ƙwaya ɗaya ko biyu ta pikan, wani ɗan itace mai ɓawo kamar gyaɗa, ba. Da ya rasu, matan coci suka taru suna cewa ta yi dacen miji mai gaskiya. Ta ce ita dai ba ta kama shi ba ne, shi ke nan abin da za ta iya shaida.

Mu da muka san ta mun saba. Ka ce mata an yi ruwa, sai ta leƙa waje. Ka kawo mata dafaffiyar gyaɗa, sai ta tambaye ka me kake nema. Ni kaina ta taɓa sa ni na nuna mata katin shaidata a ƙofar gidanta, bayan mun shekara goma sha biyu muna zama benci ɗaya a coci.

Riƙon karnukan ya samo asali ne tun tana aiki. Wata safiya ta tarar da wani ƙato, wanda aka kama da satar taya, yana kuka a kan farantinsa. Ta ɗauka dabara ce, ta yi masa tsawa. Ashe kwana tara ke nan da kai karyarsa gidan ajiya, kuma shi sai bayan sati biyu zai ga alƙali. Ta je ta duba da idonta, ta ga gaskiya ya faɗa, ta dawo gida da karyar a bayan mota. Cleophus ya yi ta mita har ya gaji ya kafa shingen waya. Bayan ta ajiye aiki, bayan gidan nan ba ya rasa kare biyar ko shida, kowanne da sunan mai shi a rubuce jikin kwanonsa.

Aikinta na kowace safiya shi ne duba jerin sunaye. Ofishin sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma, yana da shafi a intanet mai jeri biyu: waɗanda ke ciki, da waɗanda aka saka. Na cikin yana nan kullum. Na waɗanda aka saka kuwa kwana biyu kawai suna yake yi a kai, sai ya ɓace kamar ba a taɓa kama mutumin ba. Don haka ƙarfe shida, kafin ta ɗora shayi, Ozella tana gaban tsohuwar kwamfutarta da gilashi a karan hanci. In ta ga an saki mai kare, sai ta wanke karen ta jira.

Kuma tana da doka guda. Ba ta miƙa kare sai ta ga takardar sallamar mai shi, wannan mai ruwan ɗorawa da ake ba kowa a ƙofar fita tare da ɗamararsa da makullansa. Dokar tana da dalili. Shekarun baya wani mai fara'a ya zo ya ce shi ƙanin wani fursuna ne, an aiko shi. Ta ba shi karyar, wata jar karya mai suna Queenie. Bayan wata guda aka tsinci gawarta a bayan wani rumbu inda ake haɗa karnuka faɗa ana caca. Mai ita ya fito ya zo ƙofar Ozella, bai zage ta ba, ya tsaya yana kallon kwanon karyar. Wannan tsayuwar ba ta taɓa barin ta ba.

Sai dai ga inda halinta ya shigo. Ba ta taɓa gaya wa kowa dokar ba. A ganinta, in ka faɗa wa mutane irin shaidar da kake so, ka koya musu abin da za su ƙirƙiro ke nan. Mai gaskiya, in ji ta, da takardarsa a hannu zai zo, tunda daga kurkuku ya fito. Wanda ya zo hannu rabbana kuwa ta san abin da za ta yi da shi.

A watan da abin ya faru, cikin karnukan akwai wani tsohon karen farauta mai dogayen kunnuwa, sunansa Dikin. Mai shi, Delmus Rakestraw, ya raɗa masa sunan ne don ya ce duk lokacin da ake maganar kirki barci yake yi, kamar dikin, wato mataimakin limamin cocinsu. Delmus mai gyaran injin yankan ciyawa ne, ɗan shekara sittin da ɗaya, mutumin kirki daga Litinin zuwa Alhamis. Ozella ta san shi sarai, don sau huɗu yana shiga kurkuku a zamaninta, kuma kowane zuwa ita take roƙa a ba ta shi ya fere mata dankali, saboda shi kaɗai ne ba ya sata. Wannan karon, ɗan sandan da ya kawo karen ya ba ta labari a tsaye. Dikin ne ya kashe kaji uku na maƙwabciya, wata Vernice Gaddis. Ita ta tsaya a bakin shinge ta ce sai ta ba karen guba. Shi kuma Delmus, da ya sha ya yi tatul, ya ɗauko bindiga ya harbe akwatin wasiƙunta. Ta kira 'yan sanda, kuma ba shi da abin yin beli.

Sati uku da kawo Dikin, ranar wata Litinin, aka cire wa Ozella yanar ido. Likita ya rufe idon hagu da auduga, ya hana ta tuƙi, ya hana ta kallon kwamfuta har kwana huɗu. Ta yi gardama, ta tambaye shi a wace makaranta ya yi karatu, amma ta bi umarnin. A shekara goma sha ɗaya, wannan ne karo na farko da jerin ya wuce ba ta gani ba.

Ranar Juma'a da hantsi wata farar mota ta tsaya a ƙofa. Wata mace ta fito, doguwa, mai furfura, da takalmin aikin gona a ƙafa. Ozella ta sauko daga baranda a hankali, ta tsaya ta cikin ƙofar waya, ba ta buɗe ba.

"Barka da hantsi. Ke ce Mis Ozella?"

"Ya danganta da mai tambaya."

"Na zo ɗaukar karen Delmus ne. Ni ƙanwarsa ce. An sake shi, shi ya aiko ni."

Ozella ta karkata kai ta kalle ta da ido ɗayan da ya rage mata. A kujerar gaban motar ta hango wata jakar leda, dishi-dishi, ba ta kula ta ba. Abin da ta kula da shi shi ne ɗan allon da ke gaban motar. A jiharmu lambar baya kawai doka ta wajabta, don haka a gaba kowa yakan manna abin da ransa ke so. Na wannan motar manyan baƙaƙe ne, waɗanda ko mai ido ɗaya zai karanta: GADDIS.

"Ƙanwarsa," in ji Ozella. "Ikon Allah. Yaushe aka haife ki, makon jiya? Delmus ya fere mini dankali ya fi buhu ɗari, kuma da bakinsa ya ce mini shi kaɗai ne, uwarsa ta dube shi sau ɗaya ta ce ya ishe ta."

Matar ta yi tsuru-tsuru. Kafin ta ce wani abu, Dikin ya taso daga inuwar bishiyar pikan, ya zo jikin waya yana kaɗa wutsiya, yana tura hanci ta ramin shingen yana neman hannunta. Wani zai ce alama ce mai kyau. Ozella kuwa zarginta ne ya ƙaru, don ta san mai niyyar ba kare guba sai ya fara saba masa da nama.

"To, na yi ƙarya," matar ta ce. "Sunana Vernice. Maƙwabciyarsa ce."

"Mai kajin."

"Mai kajin. Ki saurare ni, don Allah. Yana babban asibitin birni, zuciyarsa ce. A can ba sa barin kowa ya shiga sai dangi, shi ya sa na ce musu ni ƙanwarsa ce, har bakina ya saba. Ba shi da kowa, Mis Ozella. Kare kawai yake tambaya. Wata nas ta ce in na kawo shi za ta turo Delmus a keken marasa lafiya zuwa bakin ƙofar baya ya gan shi, ko na minti biyar ne."

"Kai, labarin ya yi daɗi. Har da nas a ciki. Ke da kika sa aka ɗaure shi, ke ce yanzu mai jinyarsa?"

"Ni na sa aka kama shi, e. Kwana ɗaya na zaci zai yi ya huce ya dawo. Ban san sati uku ba ne."

"Kuma ke kika ce za ki ba karen nan guba, a gaban mutane."

"Haba baiwar Allah! Ke ba ki taɓa faɗin magana cikin fushi ba? Kare ne da na shekara takwas ina jefa masa ƙashi ta kan shinge!"

"Minti biyu da tsayuwarki kin riga kin yi mini ƙarya ɗaya. Ta biyun nake jira. Ki ja motarki."

Vernice ta zaro alƙalami. Ta rubuta lambar wayarta a bayan wata takardar kanti, ta soke ta a jikin shingen, ta tafi. Ozella ta rubuta lambar motar, sannan ta ɗebo ruwa ta wanke wa Dikin baki, ko da an shafa masa wani abu.

Amma hankalinta bai kwanta ba. Ta karya umarnin likita ta kunna kwamfuta. Sunan Delmus ba ya cikin jerin waɗanda ke ciki. Ba ya cikin na waɗanda aka saka kuma, wanda ke nufin in ma an sake shi, ya wuce kwana biyu. Ta buga wa kurkuku waya, wani ya ce mata ba ya hannunsu, ya kashe. Ta buga wa asibitin birni, mil saba'in daga nan, wata mai zaƙin murya ta ce ba a ba da labarin majinyaci ga wanda ba dangi ba. Wannan ya yi daidai da abin da Vernice ta faɗa, amma Ozella ta ce a ranta ai maƙaryaci na ƙwarai da gaskiya yake haɗa ƙaryarsa. In an saki Delmus da ƙafarsa, ina ya shiga bai zo ba? Wataƙila yana kwance a wata mashaya. Wataƙila wata gunduma ce ta ɗauke shi kan wani tsohon laifi, matar nan ta ji, ta ce bari ta gama da karen kafin ya dawo.

Abu ɗaya ya rage. Sunan da ya ɓace a intanet yana nan a littafin ofishin sherif, kuma doka ta ba kowa damar neman kwafi. Bayan azahar ta kira motar gunduma mai ɗaukar tsofaffi, ta sa hular zuwa coci, ta tafi.

Mai kula da takardu a ofishin ita ce Darnella Boykin, mace mai shekara arba'in da wani abu, wadda Ozella ta sani tun tana goye.

"Mis Ozella! Wa kika yi dambe da shi ya rufe miki ido?"

"Likita. Ba ni takardar neman bayani. Ina son kwafin sallamar Delmus Rakestraw."

Darnella ta daina murmushi. Ta waiga ta ga ba kowa a bayanta, ta matso kusa da gilashin tagar da ke tsakaninsu, ta rage murya. "Delmus? Mis Ozella, bari in gaya miki wani abu tsakanina da ke..."

"Riƙe abinki. Ba bakinki na zo saya ba."

"Ai dai ki ji..."

"Mijinki ba ɗan yayar wani Gaddis ba ne? A garin nan kowa surukin wani ne. Takarda nake so, mai hatimi, wadda ba ta da dangi."

Darnella ta ji haushi, kuma tana da hakkin jin haushi. Ta miƙe zaune, ta turo takardar da alƙalami. "To shi ke nan, ranki ya daɗe. Kwana uku na aiki. Sai lauyan gunduma ya duba ya sa hannu. Ki dawo Laraba."

"Littafin ga shi can a bayanki ina ganinsa da ido ɗaya."

"Ke kika ce hatimi kike so. Laraba."

Asabar ta wuce. Dikin bai ci abincinsa ba, ya kwanta a bakin ƙofar waya da haɓa a kan ƙafafu. Ozella ta ce zafi ne. Ran Lahadi bayan an taso daga coci, tana cikin cire takalmi, ta ji tsayuwar mota. Ta ɗaga labule kaɗan, ta ga farar motar. Vernice ta yi sallama sau uku. Ta kira sunanta, ta ce ko kare ba za a ba ta ba, to Ozella ta shigo motar da kanta su tafi tare, ta riƙe igiyar a hannunta har su dawo. Maganar ta shiga Ozella, ba za a ce ba ta shige ta ba. Har ta kai hannu kan mariƙin ƙofa. Sai ta tuna mai fara'ar nan da ya tafi da Queenie, shi ma sau biyu ya zo, kuma a zuwa na biyu ne ta sakar masa. Ta janye hannunta, ta zauna a kujera ta yi shiru kamar ba kowa a gidan, har ta ji motar ta tashi. Dikin ya daɗe yana kuka bayan tafiyarta.

Ranar Laraba ƙarfe tara tana gaban gilashin Darnella. An cire audugar, idon yana gani tar, fiye da yadda ya gani a shekara goma. Darnella ta turo mata takardar.

Fallen takarda ɗaya ce. Suna, ranar shiga, laifi. Ranar sallama: Litinin ta makon jiya, ranar da aka yi wa Ozella aiki, ƙarfe uku da kwata na yamma. Beli: babu. Wurin sallama, inda aka saba rubuta ƙofar kurkuku, an rubuta sashen gaggawa na asibitin birni. A ƙasa, a layin da wanda aka saka yake sa hannu, wani ɗan sanda ya rubuta: bai iya ba.

Wani zai karanta wannan bai ga komai ba. Ozella kuwa shekara ashirin da shida ta yi tana ƙirga faranti a gidan nan. Ta san ranakun da farantin yamma yakan ragu da ɗaya alhali ba wanda ya fita ta ƙofar gaba. Muddin fursuna yana hannun gunduma, jinyarsa a wuyanta take, kuma dole a ajiye masa mai gadi a bakin gado. Ciwon da za a warke a kwana biyu, sai a jure. In likita ya girgiza kai kuwa, sai a tura ɗan sanda da takarda har gadon asibiti, ya kwance ankwa, ya ce an sake ka, Allah ya ba da lafiya, ya juya. A duk waɗanda aka saka ta wannan hanyar a zamaninta, ba ta tuna wanda ya sake dawowa ya ci wakenta ba.

Ozella ta ajiye takardar. Ta dafa katakon da ke gabanta.

"Kin sani tun Juma'a," ta ce.

"Shi na so in gaya miki, Mis Ozella."

"Da kin matsa."

"Wa ya taɓa matsa miki ya ci riba?" Darnella ta faɗa a hankali, ba da gatse ba. "Ki zauna in kawo miki ruwa."

Ba ta zauna ba. Ta lalubo takardar kantin nan daga jakarta, don ta ajiye ta, da niyyar ba 'yan sanda in wani abu ya sami karen. Ta roƙi Darnella ta buga mata lambar.

"Vernice? Ozella Pruitt ce. Ki zo ki ɗauke mu, ni da karen. Yanzu."

Vernice ta amsa a hankali.

"Ya rasu shekaranjiya Litinin, Mis Ozella. Da safe, wajen ƙarfe goma."

Da yamma farar motar ta sake tsayawa a titin Mill Pond. Wannan karon Ozella tana waje tana jira. Vernice ta fito da jakar ledar nan a hannu, kuma da sabon idonta Ozella ta gane ta tun daga nesa. Irin jakar da ake zuba kayan fursuna ce, mai lamba a jiki. Ta ga irinta sun fi dubu.

"Asibiti suka ba ni, tunda ni ce ƙanwa," in ji Vernice, ta ɗan yi murmushin da ba na daɗi ba. "Ban san wa zan ba. Na ce ko ke kin san yadda ake yi da su."

Ozella ta karɓa ta buɗe. Ɗamara ce ta fata da ta tsufa, da makullai, da 'yar wuƙar aljihu, da gilashin karatu mai karyayyen hannu. A ƙasansu, a ninke gida huɗu, ga takarda mai ruwan ɗorawa.

"Tun yaushe wannan take hannunki?"

"Tun Talatar makon jiya. Tana kan kujera ranar da na fara zuwa. Ran Lahadi ma tana nan."

"Me ya hana ki nuna mini?"

"Nuna miki me?"

"Wannan! Wannan takardar! Ita kaɗai nake nema!"

Vernice ta dubi takardar, ta dubi Ozella. "Ai ba ki ce kina neman wani abu ba. Cewa kika yi in ja motata."

Ozella ba mai kuka ba ce. Ko a jana'izar Cleophus ido ta zuba wa masu ɗaukar akwati kada su buga shi da ƙofa. Amma a ranar ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba, ga kuma baƙin ciki, kuma ba ta da wanda za ta ɗora wa laifin. Ta nema a ranta, don ta saba nema, ba ta samu ba.

"Ya san ni na hana?" ta tambaya.

"Na gaya masa ran Lahadi da na koma. Na zaci zai yi fushi." Vernice ta share hanci da bayan hannu. "Dariya ya yi har injin da ke jikinsa ya yi ƙara. Ya ce, 'Na gaya miki ba za ta ba ki ba. Ozella ce fa. Ko sherif ya je ba za ta ba shi ba. Shi ya sa nake iya barci.' Sai kuma ya juya fuska ga bango, ya ce da dai ya so ya taɓa kunnuwan nan sau ɗaya."

Dikin ya matso jikin waya yana shinshina. Ozella ta zaro ɗamarar ta miƙa masa ta ramin shingen. Ya sa hanci, ya daɗe, sannan ya kama ta da baki a hankali ya kwanta a kanta. Matan biyu suka tsaya suna kallonsa.

Can Ozella ta zare sakatar ƙofar, ta buɗe ta har ƙarshe.

"Kajin fa?" ta ce, don halin mutum ba ya tashi rana ɗaya. "In ya sake kama miki kaza?"

"Na kai wa 'yar'uwata su tun makon jiya. Na kuma gyara wurin kwanansa a baranda."

Ozella ta shiga ta ɗauko kwanon mai sunan Delmus a jiki, da ragowar buhun abinci, ta sa a bayan motar da hannunta. Dikin ya hau da ɗamarar a baki. Ta tsaya a titi har motar ta sha kwana, kuma wannan karon ba ta rubuta lambarta ba.

Har yau ƙarfe shida tana gaban kwamfuta, kuma har yau in ka ce mata an yi ruwa sai ta leƙa. Amma duk wanda ya bi ta ƙarshen titin Mill Pond zai ga wani allo na katako ɗaure a ƙofar waya, da rubutun fenti a karkace, wanda ta yi da hannunta washegarin ranar. Ya ce: in ka zo karɓar kare, ko kai waye, ka nuna mini takarda mai ruwan ɗorawa. In ba ka da ita, ka ƙwanƙwasa dai, zan fito.